Shekarar da Na Kira Sunan Auwalu

Binta ce ta sa na ɗauki biro da tsufana. Tana nan gida tana wankan jegon ɗanta na fari, sai na lura tun ranar suna take wani kumbure-kumbure, ko kunun kanwar ba ta sha da daɗin rai. Da na matsa mata, ashe wata gwaggon mijinta ce ta yar mata da magana a cikin taro. Wai ba abin mamaki ba ne don an ga tana rungumar jariri a gaban mutane, ai a gida ta gani, uwarta ma sunan ɗan farinta take kwaɗawa kamar mai kiran ɗan maƙwabta. Na yi dariya har da hawaye, Binta tana ta harara ta. Matar nan ba ta yi ƙarya ba. Ina kiran Yayanku Auwalu da sunansa, safe da yamma, a gaban kowa, kun tashi kun tarar da haka, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ku ya ce ga dalili. To ga shi zan rubuta, ke Binta da Sani da Aminu ku karanta, don kada bayan raina wani ya ba ku labarin a karkace.

Ku 'yan yanzu ba ku san ƙarfin kunyar ɗan fari a zamaninmu ba. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi idan da ido a wurin. Ni kaina 'yar fari ce a wurin Inna, kakarku ta Kabo. A ɗakinta na girma, ita ta yi mini kitso, ita ta yi mini aure, amma ban taɓa jin "Zulai" ya fito daga bakinta ba. "Ke" ne sunana. In tana ba wata labarina sai ta ce "yarinyar nan", da aka kawo ni gidan babanku kuwa na koma "waccan ta Gwarzo". Kada ku ɗauka rashin so ne. In zazzaɓi ya kwantar da ni Inna ba ta iya cin abinci, sai dai ta tura ƙanwarta ta taɓa goshina ta zo ta gaya mata. Haka aka koya mata, haka ta koya mini, ni ma kuma ina taƙama da abin. Da na haifi Auwalu har yabona mata suke yi, suna cewa wannan 'yar Kabo akwai alkunya, sai an tilasta mata take ba shi nono. Babanku yana ce masa Babban Mutum, Inna tana tsokanarsa da Maigidana, ni kuwa "kai" da "yaron nan" sun ishe ni.

Jariri ne kyakkyawa, shiru-shiru, kowa yana cewa na dace da mai haƙuri. Sai ya shekara biyu babu magana, ya shekara uku babu. A kira shi ta kowane suna ba zai waiwayo ba. Amma kuma yana ji, don da zarar an tayar da injin niƙan unguwa zai toshe kunnuwa ya kama ihu har sai an kashe. Ba ya kallon fuskar mutum. Yara in sun shigo wasa sai ya koma bayan rumbu. Abu ɗaya ne a duniya yake so: ya samu ƙwarya biyu da ɗan gero, ya ɗaga ɗaya sama ya riƙa zubawa a ɗayar yana kallon yadda ƙwayoyin ke sauka, in ya ƙare ya juya ya sake. Zai yini a haka. Na ƙwace, na ɓoye, na yi faɗa, wallahi har duka na yi, Allah ya yafe mini. Inna ta ce iska ce ta shafe shi. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi wanka da saiwoyi iri-iri, yaro yana nan yadda yake.

Daminar da ya cika shekara huɗu ya sulale ta zaure ina tsakar daka, aka tsince shi a bakin kududdufi ruwa har gwiwa. Da labari ya kai Kabo, Inna ta zo washegari ta yanke magana. Ta ce da an gama girbi za ta ɗauke shi, ai dama ɗan fari na kaka ne, ita ba ta da aikin komai, kuma tana da ɗaki mai sakata da ba zai iya buɗewa ba. Na san ɗakin. A nan take ajiye tukwane, taga ɗaya gare shi can sama, ko kan mutum ba zai shiga ba. Tsoro ne ya sa ta, ba mugunta ba, na sani. Amma na hango ɗana a ciki shekara da shekaru, ana tura masa tuwo ana mayar da sakata. Ban ce uffan ba, don in na buɗe baki na nuna ina son ɗan fari ke nan. Na sunkuyar da kai na ce to.

A bayan gidanmu akwai wata malamar firamare da ke haya, Malama Rifkatu, Kirista ce 'yar Filato, gajeruwa mai faɗin murya. Ta ce a Jos ta yi karatun koyar da yaran da ba sa koyo kamar sauran yara, amma da aka turo ta nan sai aka ba ta aji uku kamar kowa. Katangarmu gajeriya ce, ta kan leƙo ta ƙwala mini kira, "Maman Auwalu!" Ni kuma in yi kamar ban ji ba, don amsawa ma abin kunya ne. Wata rana ta shigo aron rariya ta tarar da shi a gindin darbejiya da ƙwaryoyinsa. Matar nan da kayan makarantarta ta zube a ƙasa gefensa, ta ɗauki ƙoƙo, ta ɗibi gero, ta kama zubawa kamar yadda yake yi. Ba ta ce masa komai ba. Na ce a raina yau ga babba da aikin banza. Can ta ɗago.

"Maman Auwalu, wa yake wasa da shi a gidan nan?"

"Wasa kuma? Ai ba ya son mutane."

"Ke fa?"

"Haba Malama! Ɗan fari ne fa."

Ta daɗe a cikin Hausawa, ta san abin da nake nufi. Ta ce ita ba likita ba ce, a fara kai shi Kano a duba kunnensa. Babanku ya kai shi, aka ce kunne lafiya lau, kuma a can ne daga baya wani likita ya ba abin suna, otizim, ya ce ba iska ba ce, haka wasu yara suke zuwa duniya. Da suka dawo na tare Malama a bakin katanga na yi mata tambayar da ta daɗe tana cin raina, ko rashin kula shi da na yi ne ya jawo.

"Ko kusa," in ji ta. "Na ga irinsa a gidan da uwa take yini tana yi masa waƙa. Ki cire wannan daga ranki. Amma ke yake gani daga safe har yamma, ni sai Asabar nake da lokaci. In akwai wanda zai saba da shi da wuri, ke ce."

Abin da ta ce in yi, a baki ba wuya. Kullum bayan azahar in shimfiɗa tsohon zane don kada hatsi ya taɓa ƙasa, in zauna gefensa ba gabansa ba, in ɗauki ƙwaryata in yi abin da yake yi. Ban da umarni, ban da tambaya, ban da cewa kalle ni. Wasansa zan shiga, ba shi zan jawo cikin nawa ba. Kalma ɗaya-ɗaya zan riƙa sakawa, in gero yana sauka in ce "zuba", in ya ƙare in ce "ya ƙare". Duk wannan na ce zan gwada idan gida ba kowa. Sai ta ƙara da wanda ya tsaya mini a wuya. Ta ce yaron nan sunaye huɗu ake jifansa da su, ina zai gane wanne ne nasa? A tsayar da ɗaya, kuma daga bakina ya riƙa jin sa. In kira sau ɗaya, in yi shiru, in jira.

Kwana uku ina juya maganar. Ku yi dariya in kun ga dama, amma a randa na fara koyo. In na je ɗiban ruwa sai in cusa kaina a bakin randar in ce "Auwalu" a hankali, randa ta maido mini da shi, in waiga ko wani ya ji. Harshena nauyi yake yi kamar na yi saɓo. Rana ta huɗu na kulle ƙofar zaure, na shimfiɗa zane, na zauna. Na zuba gero, na zuba, sannan na runtse ido na faɗa. Ko gezau bai yi ba. Ni da na zaci sama za ta faɗo, ga shi ko kaza ba ta ɗaga kai ba. Haushi ya kama ni, na ce wa Malama na zubar da mutuncina a banza. Ta yi dariya ta ce shekara huɗu bai ji ba, ni kuma ina son ya amsa a yini ɗaya, lallai 'yan Kabo akwai gaggawa.

Haka muka yi ta yi, gero yana ta nuna a gona, ni ina ƙirga kwanakin girbi a zuci. Wata rana na manta ban kulle zaure ba, babanku ya dawo daga kasuwa da wuri. Na ji takunsa ya tsaya. Ina zaune ƙafa a miƙe, gero har a cinyata, sunan kuma ya riga ya fita. Ya yi gyaran murya, ya juya ya koma waje. Yinin nan ban iya haɗa ido da shi ba. Washegari da ya dawo sai ya ajiye wata sabuwar ƙwarya 'yar madaidaiciya a bakin ɗakina, ya ce ya ga tawa ta tsage. Iyakar abin da ya taɓa faɗa a kan maganar ke nan, Allah ya jiƙansa.

Wajen mako na shida Malama ta ce in gwada wata dabara. In ɗaga ƙwaryata kamar zan zuba, sai in tsaya. Na ɗaga, na karkata, na riƙe. Ya saba jin sautin nawa geron tare da nasa, sai ya ji shiru. Ya dakata. Ya kalli ƙwaryar. Ya miƙo hannu ya kama wuyan hannuna yana turawa. Na ce, "Auwalu." Sai ya ɗago ya kalle ni, cikin ido, kamar mai tambayar me kike jira. Bai fi ƙiftawa biyu ba. Na saki geron ya zuba, ya yi wata 'yar dariya, ni kuwa hawaye ya hana ni ganin ƙwaryar. Shekara huɗu ina goyonsa, ranar na fara sanin ƙwayar idonsa ba baƙa wuluk ba ce, irin ta babanku ce mai ɗan ja. Na leƙa katanga ina kiran Malama kamar mahaukaciya, na manta tana makaranta.

Bayan nan abubuwa suka riƙa zuwa kaɗan-kaɗan. Ya fara miƙo mini ƙwarya da kansa in azahar ta yi. Muka ƙara da wasan ɓoye fuska a bayan faifai. Ranar da aka fara yankan gero a gonakin Kutama da ke kusa da mu ya ce "uba", yana nufin zuba, na kuwa gane.

A haka Inna ta same mu. Ba ta aiko ba, mota ta samu ta taho ɗaukarsa. Sallamarta kawai na ji a tsakar gida, ina riƙe da faifai a fuska ina cewa, "Ina Auwalu? Ga Auwalu!" Na sauke faifan na gan ta tsaye da ƙullin kayanta a ka. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa gaisuwar tsaf, ta tambayi maigida, ta tambayi gajiya, ta sha ruwa. Sannan ta ce:

"Ke. A gidan wa kika ga wannan?"

Na sunkuyar da kai.

"Ni na haife ki. Kin taɓa jin na yi miki haka? Ga hatsi kin mai da shi abin wasa, ga suna kina kwaɗawa har waje ana ji. Ashe abin da ake faɗa a Kabo gaskiya ne. Tashi ki haɗo masa kayansa."

Ban taɓa yi wa Inna musu ba tun da nake. Ina durƙushe, idona a ƙasa, na ji bakina yana cewa:

"Inna, ki yi haƙuri. Ba zai je ba."

"Me kika ce?"

"Ya fara kallona, Inna. In aka rufe shi a ɗaki zai daina."

Babanku yana zaure, ya jiyo. Ya matso bakin ƙofa ya tsuguna, ya cire hula, ya ce Inna a yi mana afuwa, ya sa kafinta ya yi wa zaure sakata ta sama, yaro ba zai ƙara fita ba. Inna ba ta dube shi ba. Ta ɗauki ƙullinta, ko tuwon da na ɗora ba ta jira ba. A bakin ƙofa ta ce, ba da ni take ba, da iska take, "Na yi zaton na yi tarbiyya."

Maganar nan ta fi duka ciwo, har yau in na tuna sai na ji ta. Shekara uku Inna ba ta taka gidan nan ba. Da na haifi Sani ƙanwarta ta turo. Ina zuwa Kabo gaishe ta duk salla, ta amsa mini lafiya lau, ta ba ni daddawa da kuka in taho da su, amma bango take kallo. A unguwa kuwa na zama abin nuni, in na shiga gidan biki sai in ji an yi ƙasa da murya. Akwai ranakun da Auwalu zai koma kamar ba a taɓa yin komai ba, ya yini yana ihu, in zauna a madafa in ce anya ban yi asarar uwa a banza ba? Malama ce take dafa ni. Kafin a mayar da ita garinsu ta koya mini yadda zan riƙa gaya masa abin da za a yi kafin a yi, da yadda zan kai shi can bayan gida kafin a tayar da inji. Ranar da za ta tafi ta leƙo katanga ta ce "Maman Auwalu", na amsa da ƙarfi har maƙwabta suka ji. Ban sake ganinta ba. In tana raye Allah ya saka mata, in ta riga mu Allah ya dubi bayanta.

Kun san Yayanku yadda yake. Bai zama mai surutu ba, ba ya son taro, har gobe injin niƙa abokin gabarsa ne. Ban warkar da shi ba, don ba ciwo ne da shi irin wanda ake warkewa ba. Amma yana faɗin abin da yake so, yana sallarsa, kuma duk layin 'yan hatsi an san ba mai cika kwano daidai kamar shi. Wasan geron nan ne ya zama sana'arsa a rumfar babanku.

Saura in gaya muku yadda muka ƙare da Inna. Auwalu yana da shekara bakwai ciwon ƙafa ya matsa mata, aka ce ta riƙa zuwa asibiti a nan Gwarzo, dole ta sauka a wurinmu. Kwana biyu tana ɗaki, magana sai ta zama dole. Rana ta uku bayan azahar ta fito shan iska gindin darbejiya. Auwalu ya ɗauko zanensa ya shimfiɗa kamar kullum, ya ajiye ƙwaryarsa, ya ajiye tawa. Ya tsaya yana kallon ƙafafun Inna. Sai ya koma ɗaki ya ɗauko tsohuwar ƙwaryar nan mai tsaga ya ajiye a gabanta.

"Zuba," in ji shi.

Inna ta kawar da kai. Ya jira. Ni na koya masa jira, ya kuwa iya. Ya kama wuyan hannunta a hankali ya ɗora a kan ƙwaryar, ya ɗago ya kalle ta.

"Inna. Zuba."

Ba ta taɓa jin muryarsa da magana ba. Ta ce, "Kai Maigidana, da tsufana?" Amma ta ɗiba. Ta ɗaga hannu ta zuba, shi ma ya zuba. Suka yi ta yi. Geron da ke zanen ba shi da yawa, an raba uku, nan da nan nata ya tsiyaye ta tsagar. Ta leƙa ƙwaryar, ta girgiza ta, ba ta dube ni ba ta ce:

"Zulai, ƙaro mana geron."

Haka kawai, kamar kullum take faɗa. Ina da 'ya'ya biyu da cikin Binta, ranar na fara jin sunana a bakin uwata. Na tashi na nufi rumbu, na daɗe a can fiye da yadda ɗiban gero yake buƙata. Ba ta sake faɗa ba har ta koma ga Allah, ni ma ban taɓa tayar da maganar ba. Sau ɗayan ya ishe ni.

Don haka Binta, ban ce ki yar da kunya ba, abu ne mai kyau a inda ya dace, kuma ɗanki ne, ke kika san abin da yake buƙata. Amma in gwaggon nan ta sake tambayar inda uwarki ta koyo kiran sunan ɗan fari, ki gaishe ta da kyau, ki ce mata a randa na fara, Inna ta Kabo kuma ta sa mini hannu.